A Riƙa Gwada Maleji Bayan An Sauya Wa A-kori-kura Giyabos

Assalamu alaikum, ya Edita.

Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida taka mai farin jini domin mu ja hankalin iyayen gidanmu masu motocin a-kori-kura, da direbobinsu, da 'yan'uwanmu makanikai, kan wani ƙaramin aiki da ake tsallakewa idan an sauya wa mota giyabos. A yankinmu a-kori-kura ce ke riƙe da kasuwa. Ita ke kwaso buhuna zuwa Gujungu ranar Lahadi, ita ke kai awaki Maigatari ranar Alhamis, ita ke sauke riɗi da zoɓo a Dawanau. Ga lodi fiye da kima, ga rami, ga yashi, don haka giyabos ba ya yin ƙarko. Da ya fara kuka ko yana fitar da giya sai a nufi Ƙofar Ruwa a sayo ɗan Baljiyam, a ɗora, a ga giya na shiga lafiya, a biya kuɗin aiki, kowa ya kama gabansa. Ba mai waiwayar maleji. Bayan kwana biyu direba ya dawo yana cewa agogo ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau. An bar jaki ana dukan taiki.

Agogon maleji bai san gudun mota ba, juyi kawai yake ƙirgawa. A wutsiyar giyabos, a kan shaf ɗin da ke fita zuwa farfela, akwai wata giya mai murɗaɗɗun haƙora. Ita ke juya wata 'yar giyar roba da ake cusowa ta gefe a cikin kwanso. 'Yar giyar ce ke juya kebul ɗin da ya hau har bayan dashbod, ko kuma, a motocin baya-bayan nan, ta juya sensa mai aika saƙo ta waya. A motar da ke ja da ƙafa huɗu waɗannan giyoyi biyu suna jikin tiransifa, wato akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, a mafitar da ke zuwa farfelar baya. Tunda a mafita suke, yawan giyar da ke cikin giyabos bai shafe su ba. Ko ka cire mai giya huɗu ka sa mai biyar, wannan kaɗai ba zai sa maleji ƙarya ba. Abin da ke sa shi ƙarya shi ne kamfani ya zaɓi yawan haƙoran 'yar giyar nan ne daidai da aksul ɗin baya da girman tayar motar da aka ƙera giyabos ɗin dominta. Giyabos ɗin Baljiyam kuwa ba ka san daga wace mota aka ciro shi ba. Ya zo da lissafin wata mota, ka ɗora shi a kan taka.

Motocin Japan, su Hilux da L200 da Isuzu da Nissan, an gina agogonsu a kan ƙa'ida ɗaya: kebul ya yi juyi 637 a kowace kilomita. Wato idan yana juyi 637 a minti ɗaya, allura za ta tsaya a kan 60. Sau da yawa lambar tana rubuce da ƙananan baƙaƙe a ƙasan fuskar agogo ko a bayansa. Na Amurka juyi 1,000 ne a mil ɗaya, na Turai irin su Peugeot su ma da tasu lambar, don haka a duba kafin a fara lissafi. Aksul ɗin Hilux kuma kala-kala ne: akwai wanda farfela ke juyi 4.1 kafin taya ta yi juyi ɗaya, akwai mai 4.3, akwai mai 4.556, akwai mai 4.875, ga kuma masu ƙasa da huɗu irin 3.909. Duk Hilux ne, amma kowanne da 'yar giyar da ta dace da shi.

Mu ɗauki misali. A ce motarka tana buƙatar 'yar giya mai haƙori 19, giyabos ɗin da ka sayo ya zo da mai 21. Kebul zai riƙa juyi a hankali, allura ta riƙa rage maka kusan kashi 10 cikin 100. Tana nuna 80, kai kuwa kana kan 88. Wani zai ce kilomita takwas ai ba komai ba ne. Tazarar da birki ke buƙata ba ta tafiya daidai da gudu, ninkawa take yi: daga 80 zuwa 88 tazarar tsayawa na ƙaruwa da fiye da kashi 20 cikin 100, kafin ma a sa lissafin buhu ashirin na gero da mutanen da ke zaune a kansu. Lambobin kilomita su ma a kan kebul ɗin suke, saboda haka su ma ragewa suke yi. Mai yin juyen baƙin mai a kilomita 5,000 zai yi shi ne a 5,500 da ɗoriya bai sani ba. Masu injin gas na Toyota samfurin 3L su fi kowa kula, domin fitilar da ke tuna musu sauya bel ɗin taimin a kilomita 100,000 da waɗannan lambobi take aiki. Kafin ta kama, bel ya yi 110,500, kuma in ya tsinke a wannan injin bawul ne ke lanƙwashewa.

Sai kuma rigimar mai. Tafiyar kilomita 300 za ta fito 271 a agogo. A ce motar na cin lita ɗaya a kilomita goma: direba ya ƙona lita 30 da gaskiyarsa, Alhaji ya buga lissafi ya ga 27. Lita ukun nan a wuyan direba za su rataya, kuma an sha raba maigida da yaronsa a kan abin da bai kai wannan ba.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Kusan kowace waya mai taɓa-fuska tana da GPS, wato na'urar gane wuri, kuma akwai manhajojin nuna gudu kyauta. Da zarar an sauke manhajar ba ta buƙatar data, da tauraron ɗan'adam take magana. A samu miƙaƙƙiyar kwalta mai lafiya, ba ranar kasuwa ba, a busa tayoyi yadda aka saba, a ɗora irin lodin yau da kullum. Mutum biyu za su shiga, direba idonsa a hanya, na biyu riƙe da waya da biro. A riƙe allura cak a kan 40 na kamar daƙiƙa goma, domin GPS na ɗan jinkiri idan ana ƙara wuta ko ragewa, a rubuta abin da waya ta nuna. A maimaita a 60 da 80. Daga nan a mayar da ƙananan lambobin tafiya sifili a yi kilomita goma cur bisa ƙirgar waya, a ga abin da agogo ya ƙirga. Inda turakun kilomita na gefen titi suka rage a tsaye, su ma sun isa: a auna daƙiƙoƙin da aka ɗauka tsakanin turke da turke, a raba 3,600 da su. Daƙiƙa 60 gudun 60 ke nan, daƙiƙa 45 gudun 80.

Waɗannan lambobi su za su faɗi inda ciwon yake. Idan a ainihin gudun 40 da 60 da 80 agogo ya nuna 36 da 54 da 72, kuma kilomita goma ta fito tara, kuskuren yana girma tare da gudu, laifin haƙora ne a wutsiyar giyabos. Idan kuwa ya nuna 45 da 65 da 85 amma kilomita goma ta fito goma daidai, giyabos ba ruwansa, allura ce aka taɓa ko ta goce daga mazauninta. Idan lambobin kilomita daidai suke, allura na gaskiya a ƙaramin gudu tana ƙarya a babba, to siririn sifirin ɗin cikin agogo ya saki ko maganaɗisun ya yi rauni, wannan aikin mai gyaran agogo ne.

A nan muke da ƙorafi a kan wasu 'yan'uwanmu. Direba ya kawo kuka, sai a kwance dashbod, a zare allura da cokali mai yatsu, a mayar da ita gaba kaɗan, a ce an saita. A gudu ɗaya tak za ta yi daidai. In an saita ta a 60, to a 30 za ta zarce, a 90 ta gaza, lambobin kilomita kuma suna nan da ƙaryarsu. An karɓi kuɗin mutum an ƙara masa matsala ta biyu.

Ga wanda ba shi da babbar waya, ko motar ba ta kai ga hawa titi ba, akwai gwajin da ake yi a filin gareji. Tunda juyi 637 ne a mita 1,000, juyi goma na kebul daidai yake da mita 15.7. A auna mita 15.7 da tef a ƙasa mai tauri, a ja layi biyu. A kwance kebul daga bayan agogo, a manna wa bakin cikinsa 'yar takarda kamar tuta. A sa giya a furi, a fara tura motar tun kafin layin farko domin sakin da ke tsakanin haƙora ya ɗauke, sannan a ƙirga juyin tutar daga layi zuwa layi. Goma ake nema. In tara aka samu, agogo zai rage kashi goma, in sha ɗaya ne zai ƙara.

Lissafin sabuwar 'yar giya ba shi da wuya. A ƙirga haƙoran wadda ke ciki, a ninka da abin da agogo ya nuna, a raba da ainihin gudun. Haƙori 21 sau 54, a raba da 60, ya ba da 18.9, wato mai 19 ake nema. Da gwajin tuta ma haka ne: 21 sau 9, a raba da 10. Abin riƙewa shi ne ƙarin haƙori na sassauta allura, ragin haƙori na zaburar da ita. Mutane da yawa suna juya wannan, su sayo mai haƙora da yawa don allura ta ƙara sauri, su dawo abin ya ƙara lalacewa. Idan lissafi ya faɗo tsakanin lamba biyu, a ce 19.5, a ɗauki 19. Gara agogo ya ɗan zarce da ya gaza. Haka ma masu ƙera motoci ke yi, domin ƙa'idar da Turai ke bi ta hana agogo nuna ƙasa da ainihin gudu, amma ta yarda ya zarce har da kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4. A 'yar giya mai haƙori wajen ashirin, kowane haƙori ɗaya kusan kashi 5 cikin 100 ne. A masu talatin da wani abu, kusan kashi 3. Kada a wahalar da kai neman daidai wa daida, ba za a samu ba.

Wani lokaci giyabos na zuwa ba 'yar giyar gaba ɗaya, an toshe ramin da tsumma ko leda. To sai an faro lissafi daga tushe, da abu uku. Na farko aksul. Kada a dogara da abin da ke rubuce a farantin mota, domin a-kori-kurar da ta shekara ashirin a karkara da wuya a ce aksul ɗinta na asali ne. A sa waigi a tayoyin gaba, a ɗaga tayar baya guda ɗaya, a saki birkin hannu, giya a furi. A yi wa taya da farfela alama da alli. A juya tayar sau ashirin ana ƙirga juyin farfela, a raba da goma. Juyi 41 na nufin 4.1, juyi 43 na nufin 4.3, in ya kai 45 da rabi 4.556 ne. Ana yin ashirin ne saboda idan taya ɗaya na ƙasa, ta saman tana juyi ninki biyu. In tayar ta ƙi juyawa ita kaɗai, aksul ɗin mai riƙe ƙafa biyu ne, sai a ɗaga duka biyun a juya sau goma. Na biyu taya. A sa alli a gefen taya da ƙasa, a tura mota da lodinta har taya ta yi juyi goma, a auna. Taya 195R14C za ta ba da wajen mita 20.4, wato mita 2.04 a juyi ɗaya, juyi 490 ke nan a kilomita. Na uku babbar giyar da ke kan shaf. A haska tocila ta ramin, ko in wutsiyar a kwance take a dube ta ta goshi, a ƙirga bakin zaren da suka faro daga gefe. Ƙirga ta tsawonta ruɗi ne, domin zare ɗaya na zagayowa fiye da sau ɗaya. A ce shida aka samu. Sai a ninka 6 da 4.1 da 490, a raba da 637, a samu 18.9. Da aksul ɗin 4.3 ne da an samu kusan 20, da 4.556 ne da 21.

Wannan lissafi ya nuna cewa taya ma na da nata hannu. Daga 195R14C zuwa 205R16C bambancin tsayi ya kai kusan kashi 10 cikin 100, kuma masu shiga yashi suna son babbar taya. Ko taya iri ɗaya ce, tsakanin sabuwa da wadda ta suɗe akwai wajen kashi 2. Idan an san za a sauya taya ko rim, a fara sauyawa kafin a saita maleji, kada a yi aiki biyu.

Sauya 'yar giyar aikin ƙasa da rabin awa ne in komai ya dace. A ajiye mota a wuri mai daidai, a sa waigi. A wanke gefen kwanson da fetur da buroshi tukuna, saboda duk yashin da ke wurin cikin giyabos zai faɗa. A kwance notin kebul, a cire ƙusa ɗayar da ke riƙe da ɗan faranti, yawanci sifana 10 ko 12 ce. A murɗa kwanson hagu da dama ana jawowa a hankali. Ban da guduma, alminiyom ne, fashewa yake yi. A tara gwangwani don ɗan man da zai zubo. A zare kilif ko fil ɗin da ke riƙe da 'yar giyar, a sa sabuwar, a sauya zoben roba na waje da ƙaramin sil na ciki, a shafa musu man giya. Wajen mayarwa, tsagar jikin kwanso ta fuskanci farantin. In ya ƙi zama, a ɗan motsa farfela haƙora su sami juna. Kada a ja shi ciki da ƙarfin ƙusa, nan take haƙoran roba ke murƙushewa. A ƙarshe a buɗe ƙusar zuba mai a tabbatar man ya kawo bakin rami, da irin wanda littafin motar ya ce, galibi 75W-90 ko 80W-90.

Inda aka fi yin asara shi ne a ɗauka duk 'yar giyar da ta shiga rami ta dace. Babbar da ƙaramar gida ɗaya suke fitowa. Wadda aka yi wa babba mai zare shida ba za ta zauna da mai zare goma sha ɗaya ba, ko da kwansonsu iri ɗaya ne. Murɗin haƙoran ma akwai na dama akwai na hagu. Sau da yawa akan buga lambobi biyu a jikin 'yar giyar ko a kan sandarta, na farko zaren babbar, na biyu haƙoranta, a duba su dace. Haka kuma idan haƙora suka ƙaru da yawa faɗinta na ƙaruwa, shi ya sa wasu kwansunan raminsu ba a tsakiya yake ba, kowane rukuni da nasa. In an haɗa ba daidai ba maleji zai yi aiki mako ɗaya ko biyu, sannan allura ta faɗi. A ciro a ga tsakiyar haƙoran ya cinye kamar ɓera ya gwaguya, garin robar kuma ya bi mai. Idan dole sai an sauya babbar, to sai an sauke farfela an cire wutsiyar giyabos. A kula da ɗan ƙwallon ƙarfe ko kilif da ke hana ta zamewa a kan shaf. Ƙanƙane ne, yana faɗawa ƙasa ba a gani ba, kuma in babu shi giyar za ta riƙa sulɓi, allura na hawa tana sauka.

Duk wannan wahala tana da gajeriyar hanya. Tsohon giyabos ɗin da aka sauke, matuƙar malejin motar na daidai kafin ya lalace, yana ɗauke da giyoyin da suka dace da ita. Kafin a ba da shi musaya ko a sayar wa 'yan gwangwan a kilo, a ciro kwanson da 'yar giyarsa, in da hali har da babbar. Idan giyabos ɗin biyu 'yan gida ɗaya ne, a mayar da su cikin sabon tun yana ƙasa, kafin a ɗora. Minti goma ne a lokacin, yini guda ne da kuɗin mota zuwa Kano daga baya.

Kebul shi ma yana da nasa. Sabon giyabos kan zo da ramin maleji a wani gefe ko ya fi nisa, sai a ja tsohon kebul da ƙarfi ko a lanƙwasa shi. Allura mai rawa, musamman a ƙaramin gudu, kusan kullum daga nan take. Kada lanƙwasa ta fi ƙunci da abin da zai zagaye faranti mai faɗin taku ɗaya, kuma a nisanta shi da salansa, zafi na narkar da rigarsa. A zaro cikinsa a mirgina a kan tebur, in yana tsalle ya karye a ciki, a sauya. Giris kaɗan ake shafawa, a bar kashi ɗaya cikin uku na sama a bushe. Giris ko man giya da ya hau har cikin agogo, wanda ke faruwa in ƙaramin sil ya mutu, yana sa allura ta yi nauyi ko ta riƙa zabura. Bakin kebul mai kusurwa huɗu ne, in ya suɗe zai riƙa zamewa. In cikin ya fi rigarsa tsayi kuma, zai tokare agogo ya ci masa buushi. Don a raba gardama tsakanin kebul da giyabos, a kwance shi ta ƙasa a ɗaura a bakin injin huda a juya. In allura ba ta motsa ba a juya ɗaya gefen. In ta tashi ta tsaya cak, daga kebul zuwa sama lafiya lau.

Motocin da ke da sensa, lissafin haƙoran bai sauya ba, domin a yawancinsu 'yar giyar robar tana nan a ƙarƙashin sensar. Ta Toyota mai waya uku ce: wuta, da as (wadda ke jone da ƙarfen jikin mota), da wayar saƙo. Tana bugawa sau huɗu a kowane juyi, bugu 2,548 ke nan a kilomita. Rewaya mai mitar da ke auna bugu zai ga wajen 42.5 a daƙiƙa idan mota na kan 60 na gaskiya. Gwajinta a hannu: a ciro ta, a bar soket a jone, a kunna makulli, a sa mita a wayar saƙo, a juya sandarta a hankali. Wuta za ta hau ta sauka sau huɗu a juyi ɗaya. In ba ta yi ba, a duba wuta da as kafin a yanke mata hukunci, domin sau da yawa wayar as ce aka manta ba a mayar ba wajen ɗora giyabos. Motar da birenbos ɗinta, wato kwamfutar inji, bai samun wannan saƙo za ta kunna fitilar cek, kwamfutar gwaji ta nuna P0500, wata ta riƙa mutuwa idan an taka kuloci za a tsaya, otomatik kuma ta rikice wajen sauya giya.

Akwai kuma sensa mai waya biyu da ke karanta haƙoran ƙarfe kai tsaye. Bugunta ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma irin wutarta daban ce. In aka jona ta da agogon da ke jiran bugu huɗu, ko allura ta kwanta ko ta ƙure maleji mota na tafiyar hawainiya. Wannan, da kuma duk inda aka rasa 'yar giyar da ta dace, maganinsa ɗan akwatin gyara saƙo ne da ake sakawa a tsakanin sensa da agogo, irin su SpeedoHealer ko na Dakota Digital. Lissafinsa kishiyar na haƙora ne: ainihin gudu ake rabawa da abin da agogo ya nuna. 60 a raba da 54 ya ba da 1.11, sai a ƙara kashi 11. A motar otomatik a gyara layin da ke zuwa dashbod kawai, a ƙyale sensar da giyabos ke sauya giya da ita. A haɗa wayoyin da dalma a rufe da kyau, murɗawa da salatif ba ya kai damina ɗaya ga motar da ke ratsa fadama. Idan giyabos na kebul ne agogo na waya, akwai sensar da ake ɗaurawa a mazaunin kebul. Idan giyabos na sensa ne agogo na kebul, a gwada ko kwanson tsohon zai shiga. Sababbin motoci da yawa masu birkin ABS kuwa daga ƙafafu suke ɗaukar gudu, giyabos bai shafe su ba, in malejinsu ya yi ƙarya a nemi dalili a taya.

Masu motocin haya su tuna cewa tun ranar 1 ga Fabrairun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu. Irin wadda ke karɓar saƙo daga sensar giyabos, in saƙon ƙarya ne ita ma ƙarya za ta yi: ko ta shaƙe mota tun ba ta kai ko'ina ba, ko ta sake ta ta wuce iyaka. Bayan sauya giyabos a koma wurin wanda ya sa ta ya sake saitawa. Iyakar gudu a cikin gari 50 ce, kuma jami'in da ya tsayar da kai ba zai karɓi uzurin haƙori 21 ba. Masu Tacoma da Frontier 'yan Amurka kuma su lura cewa manyan lambobin agogonsu mil ne. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, allura a kan 60 kusan 97 ke nan. A karanta ƙananan lambobin ciki kafin a ce agogo ya lalace.

Roƙonmu ga 'yan kasuwar kayan gyara shi ne su daina zare kwanson maleji daga giyabos suna sayarwa daban, ko kuma su faɗa wa mai saye cewa babu shi. Mai saye shi ma ya tafi da tsohuwar 'yar giyarsa a aljihu, ya ciro ta sabon a gaban mai shago ya ƙirga. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshinmu za su iya auna kilomita ɗaya a miƙaƙƙiyar hanya kusa da gari, su shafa fenti a farko da ƙarshe, kowa ya riƙa gwada motarsa a kai. Su kuma iyayen gidanmu masu motoci, kada a cika wa makanike kuɗin aikin giyabos sai an fita da waya an gwada 40 da 60 da 80 a gabanku, an rubuta sakamakon da yawan haƙoran da aka sa a takarda, an ajiye tare da takardun mota don amfanin wanda zai taɓa ta nan gaba.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Naku,
Wasu makanikai da masu gyaran wayar mota,
Gujungu, ƙaramar hukumar Taura, Jihar Jigawa.